Kafin a sayi layin dogo da kuɗin jama'a, a fara taka shi da ƙafa

Na yi shekara talatin da 'yan kai ina aikin duba layin dogo, kuma a duk kayan aikina babu wanda ya kai wata tsohuwar guduma mai doguwar ƙota amfani. Idan ka doki katakon da ke ƙarƙashin dogo da ita, mai lafiya yakan amsa da ƙara mai kauri, har ka ji gudumar ta dawo maka a hannu. Wanda ya ruɓe ta ciki kuwa sai ka ji "buf", kamar ka doki tsohuwar katifa, alhali daga sama fes yake. Bayan na ajiye aiki, wata majalisar ƙaramar hukuma ta sa ni cikin kwamitin da zai ba ta shawara kan wani reshen layi da kamfanin da ke riƙe da shi ya sa a kasuwa. Ranar zaman farko shugaban majalisar ya ɗaga takardar farashi yana murmushi, ya ce wannan ai tsintuwa ce. Na ce, "Ranka ya daɗe, a cikinmu nan akwai wanda ya taɓa taka layin nan daga farko har ƙarshe?" Ɗaki ya yi tsit.

Abin da na rubuta a nan na kansila ne, da ɗan kwamiti, da mai biyan haraji da ke son ya miƙe a taron jin ra'ayi ya yi tambayar da za ta sa a gyara zama. Kafin komai dai a tambayi lauya ko doka ta yarda, domin a wasu ƙasashen gwamnatin tsakiya kaɗai ke da ikon mallakar layi da tafiyar da jirgi. Idan doka ta hana, an huta. Idan ta yarda, ga yadda ni nake bin lamarin.

Ka fara da tambayar me ya sa mai layin yake son rabuwa da shi. Ruwa ba ya tsami banza, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kamfanin da ya yanke shawarar barin layi yakan daina kashe masa kuɗi shekaru kafin ya furta, sai ya zama arahar da kake gani bashin gyara ne aka tara maka. Ka nemi littafin gyare-gyare na shekara goma, da rahoton binciken gadoji, da adadin taragon kaya da suka bi layin kowace shekara. Amma takardar da na fi so ita ce jerin wuraren da aka umarci direba ya rage gudu. Wannan ba don mai saye aka rubuta ta ba, don kada jirgi ya goce da mutane aka rubuta ta, shi ya sa ba ta ƙarya. Idan ka ga jerin yana ƙara tsawo kowace shekara, ka riga ka san labarin layin. Idan kuma suka ce ba za su ba ka ita ba sai an sa hannu, to cinikin biri a sama ake so ka yi.

Daga nan sai ka raba abin da ake sayar maka gida uku, domin kalmar "layi" tana ɓoye abubuwa uku da ba su da haɗi wajen daraja. Akwai filin, wato siririn zirin ƙasa da ya ratsa gonaki da unguwanni ba tare da ya yanke ba. Akwai ƙarfe da katako da gadoji da ke kansa. Akwai kuma harkar kanta, wato tafiyar da jirgi da neman fasinja da kaya. Yawancin gardamar da na gani a majalisa ta samo asali ne daga nan: wani yana kare filin, wani yana sukar harkar, kowa yana da gaskiya, aka kwana ana musu.

A cikin ukun, filin ne ba ya maimaituwa. Ƙarfe ana sake saye, jirgi ana haya, amma zirin ƙasa mai tsawon kilomita 50 da ya shiga har tsakiyar gari, idan aka yanka shi aka sayar gunduwa-gunduwa, haɗa shi kuma sai an rushe gidajen mutane. Ingila ta ɗanɗana wannan. An rufe yawancin layin da ya haɗa Oxford da Cambridge a ƙarshen 1967, sai aka yi gine-gine a kan ɓangaren da ke tsakanin Bedford da Cambridge, har masana taurari suka kafa na'urorinsu a kan wani sashe nasa. Yau da ake son mayar da jirgi tsakanin biranen biyu, dole sabuwar hanya ake nema a wannan yanki. A Sikotland an rufe layin Waverley a 1969, kuma da aka dawo da kusan kilomita 50 nasa a 2015, aikin ya ci fam miliyan 294. Saboda haka ni ra'ayina a fili yake: idan layin ya ratsa inda mutane ke ƙaruwa, sayen filin kaɗai hujja ce mai ƙarfi, ko da jirgi ba zai bi ba sai jikokinmu sun girma.

Sai dai ka tabbata filin na mai sayarwa ne. Layuka da yawa an shimfiɗa su ne bisa izinin ratsawa kawai: mai gona ya yarda jirgi ya wuce, ƙasar kuwa tasa ce, ranar da jirgi ya daina bi ta koma hannun magadansa. A 2014 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Brandt cewa hanyoyin da aka bai wa kamfanonin jirgi ƙarƙashin dokar 1875 izinin ratsawa ne, yana mutuwa da zarar an yi watsi da layin. Tun 1983 Amurkawa suka yi dokar da ta ba da damar a ajiye layi a matsayin hanyar ƙafa da keke ba tare da an ɗauke shi a matsayin wanda aka watsar ba, don dai zirin ya zauna a haɗe, kuma duk da haka gwamnati ta sha biyan diyya ga masu filaye. Ka sa lauya da safiyo su bi takardun fuloti bayan fuloti. Aiki ne mai gundura, yana cin watanni, kuma shi ne kwamitoci suka fi tsallakewa. Su kuma rubuta duk wanda ya riga ya ci iyaka: mai shago, mai lambu, wanda ya ja katangarsa taku uku. Ranar da ka saya, rigimarsu ta zama taka, kuma masu jefa ƙuri'a ne.

Yanzu sai tafiya. Da ƙafa, ba a mota ba, ba kuma a ɗan keken dogo da kamfanin zai ba ka aro da direbansa ba, domin direban ya san inda zai ƙara wuta. Ka nemi tsohon lebura ko heluma da ya yi aiki a layin ka biya shi ya raka ka. Ni na sami wani dattijo da ya yi heluma a can shekaru masu yawa. Rana ta biyu muna tafe a wani wuri da ba abin da ke nuna matsala, dogo a miƙe, ciyawa kore shar, sai ya riƙe mini hannun riga ya ce, "Injiniya, tsaya nan. Ƙarƙashin ƙafarka kwalbati ce." Na duba takardar kamfani, babu ita. Muka gangara muka buɗe ciyawa. Yashi ya cike bakinta, abin da ya rage bai wuce tafin hannu ba. Ruwan da ya rasa hanya ya nemi tasa ta cikin tudun da layin ke kai, ya yi rami a gefe. Na zura hannu har kafaɗa ban taɓa ƙarshensa ba. Na ce, "Baba, tun yaushe?" Ya ce tun shekarar da aka sallami ƙungiyarsu ba wanda ya sake sa shebur a wurin.

Babban abokin gabar layin dogo ruwa ne. Tsakuwar da ake zubawa ƙarƙashin katako aikinta biyu, ta riƙe layi kuma ta bar ruwa ya tsiyaye. Idan laka ta shige ta, duk jirgin da ya wuce sai ya danna katako ƙasa ya tsotso taɓo sama, za ka ga ya fantsama a gefen dogo ya bushe fari-fari. Duk inda ka ga haka ka sa alama, wurin sai an tone. Ka duba mahaɗar dogo da dogo, ka ƙirga notin da suka ɓace, ka shafa kan ƙarfen a wurin kwana ka ji yadda ya cinye. Katako kuwa ba sai ka doki duka ba, ka ɗauki ɗari a kowace kilomita ka rubuta nawa suka ce "buf". Kowace kilomita tana ɗauke da katako tsakanin 1,500 da 2,000. Mu ƙaddara layin kilomita 50 ne mai 1,600 a kowace kilomita, ka ga 80,000 ke nan. Idan kowane zai yi shekara 30, to kusan 2,700 za ka riƙa canzawa duk shekara don layin ya tsaya yadda yake kurum. Idan mai shi ya yi shekara goma bai canza ko ɗaya ba, lissafa da kanka.

Gada kuwa kada ka yarda da idonka, ni ma ban yarda da nawa ba. Ka ɗauko injiniyan gadoji naka, wanda majalisa ce ke biyansa, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Ya shiga ƙarƙashi, ya ƙanƙare tsatsa ya auna kaurin ƙarfen da ya rage, a sa mai nutso ya duba gindin ginshiƙai ko ruwa ya zaizaye su. Gada ɗaya tana iya fin kuɗin layin gaba ɗaya tsada. A Japan ƙananan hukumomi da lardin Miyazaki sun haɗu sun karɓi layin Takachiho a 1989, suka yi ta lallaɓa shi, sai guguwar Satumban 2005 ta tafi da gadoji biyu. Ba a sake tayar da shi ba, a 2008 aka rufe littafinsa. A arewacin Kalifoniya wata hukumar yanki ta sayi layin da ya ratsa kwazazzabon kogin Eel a farkon shekarun 1990, wuri ne da ƙasa ke zaftarewa duk lokacin ruwa. A 1998 hukumar kula da lafiyar jiragen ƙasa ta tarayya ta ba da umarnin rufe shi, kuma ɓangaren kwazazzabon bai sake ganin jirgi ba, yanzu hanyar ƙafa ake son mayar da shi.

Wani abu da 'yan majalisa ba su cika sani ba: layin da ke ɗaukar kaya ba lallai ne ya iya ɗaukar mutane ba. A ƙa'idar Amurka, layi mai daraja ta ɗaya, wato matakin ƙasa, jirgin kaya ba ya wuce gudun kilomita 16 a awa a kansa, na fasinja 24. Akwai ma wanda ke ƙasa da wannan, da aka haramta wa fasinja kwata-kwata. Kafin jirgin fasinja ya yi kusan kilomita 100 a awa sai layin ya kai daraja ta uku. Kowace ƙasa da tata ƙa'idar, amma hikimar ɗaya ce. Don haka idan wani ya ce maka ai jirgi yana bi har yanzu, ka tambaye shi wane iri, kuma da wane gudu. Ba wanda zai bar mota ya hau abin da mai keke ke wucewa.

Da ka dawo daga tafiya sai ka zauna ka ja layi uku a takarda: kuɗin saye, kuɗin tayar da layin zuwa abin da ake so ya yi, da kuɗin riƙe shi kowace shekara. Na farkon shi ake bugawa a jarida, kuma shi ne ƙarami. Hukumar sufuri ta gundumar Santa Cruz a Kalifoniya ta sayi layi mai tsawon kilomita 51 daga kamfanin Union Pacific a 2012 kan dala miliyan 14.2. A 2022 aka kai batun gaban masu ƙuri'a, wajen kashi 73 cikin ɗari suka ƙi yarda a jingine shirin jirgi. Da aka zo ƙiyasin kafa jirgin fasinja na zamani a kan wani ɓangare na layin a 2025, sai lissafi ya haura dala biliyan 4. Ban ce sun yi kuskuren saye ba, filin bakin teku ne da ba za su sake samun irinsa ba. Amma dubi tazarar da ke tsakanin lambobin biyu, ka tuna da ita duk lokacin da aka ce maka tsintuwa ce.

Kuɗi na uku kuma, wato na riƙe layin, ba ya ƙarewa. Ko jirgi bai bi ba, akwai sare ciyawa, yashe kwalbati, shinge, gadi saboda ɓarayin ƙarfe, da gyaran wuraren da mota ke tsallaka dogo. Idan jirgin fasinja zai bi, ka sa a ranka cewa a mafi yawan duniya kuɗin tikiti ba ya biyan ɗawainiyar ƙaramin layi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wannan ba aibi ba ne, titin mota ma ba ya biyan kansa. Aibin shi ne a ɓoye wa mutane, a ce musu bayan shekara biyar zai tsaya da ƙafarsa. Ka rubuta adadin tallafin, ka ajiye shi kusa da kasafin asibiti da makaranta da ruwan sha, ka faɗi wanne za a rage ko wane haraji za a ƙara. Idan bashi za a ci, a haɗa da kuɗin ruwa har ranar da za a gama biya. Majalisar da ta kasa faɗin wannan a bainar jama'a tana shirin haihuwar guzuma ne, ɗa kwance uwa kwance.

To wa zai hau? A nan ƙwararrun da ake haya sukan kawo littafi mai launi da hasashe har na shekara talatin. Ka karɓa, amma ka tambaye su wane layi suka taɓa yi wa hasashe a baya, kuma mutum nawa suka hau da aka buɗe. Sannan ka yi naka: ka tsaya bakin titin da ke bin gefen layin da sassafe, ranar aiki, ka ƙirga motocin haya da mutanen da ke ciki, ka tambayi ina za su. Misali biyu ne nake yawan ajiyewa gefe da gefe. A Jamus gundumomin Böblingen da Tübingen sun karɓi wani layi mai kilomita 17 kusa da Stuttgart kan mark (kuɗin Jamus na lokacin) ɗaya tak, suka gyara shi suka buɗe a 1996. An yi hasashen fasinja 2,500 a rana, sai aka ninka haka har sau uku da tafiya ta yi nisa, a 2019 ma sai da aka sa masa lantarki aka ƙara layi na biyu a wani sashe. Dalili a bayyane yake: gajere ne, mutane sun yi yawa a gefensa, kuma yana sauke su a tashar da za su kama jirgin shiga birni. A tsibirin Hokkaido na Japan kuwa, hukumomin yankin sun karɓi layi mai kilomita 140 tsakanin Ikeda da Kitami a 1989, ta cikin garuruwan da matasa ke barinsu. Sun riƙe shi shekara 17, a 2006 suka saki. Ƙauna ba ta gaza ba a can, mutanen ne babu.

Idan don kaya ake son layin, abin ya fi sauƙin aunawa kuma ya fi haɗari. Sau da yawa masana'anta ɗaya ce ko biyu ke riƙe da shi. Manajan zai zo majalisa ya rantse cewa in aka rufe layi ma'aikata za su rasa aiki. Ka ce masa madalla, ya sa hannu kan tan nawa zai ɗora kowace shekara, na tsawon shekara nawa, da abin da zai biya idan ya gaza. Wanda ke buƙatar layin da gaske zai sa hannu.

Wajen ciniki, kada ka fara daga farashin da suka faɗa. Ka fara daga abin da za su samu idan ba ka saya ba: kuɗin filin da yake nasu da gaske, haɗe da kuɗin tsohon ƙarfe, a cire ɗawainiyar tumɓuke shi da share wurin. Ka kuma tuna sau da yawa kai kaɗai ne mai saye. Birnin Vancouver na Kanada ya yi shekaru yana ja-in-ja da kamfanin Canadian Pacific kan wani ziri mai kilomita 9. Birnin ya ayyana cewa wurin hanyar sufuri ce, ba a gina gidaje a kai, Kotun Ƙolin Kanada ta goyi bayansa a 2006. Kamfanin ya nemi dala miliyan 100, birni ya taya 20, har a 2014 kamfanin ya fara rushe lambunan da mazauna suka yi a gefen layin. A 2016 aka daidaita kan miliyan 55, da sharaɗin za a raba kuɗi idan birnin ya sayar da wani ɓangare nan gaba.

Ka karanta abin da mai sayarwa ya riƙe wa kansa, yawanci yana can shafukan baya. Wani zai sayar maka da layi amma ya riƙe ikon wucewa da jirgin kayansa, ko kuɗin hayar wayoyin intanet da bututun da aka binne a gefen dogo, wanda wani lokaci shi ne kaɗai abin da ke kawo kuɗi. Ka sa a haƙa ƙasa a tsoffin tashoshi da wuraren gyaran inji a gwada, domin shekaru ɗari na baƙin mai da maganin katako da maganin ciyawa suna nan kwance, kuma a rubuta wa zai biya kuɗin kwashewa. Sai batun hatsari. A watan Yulin 2013 jirgin ɗanyen mai ya gangaro ba direba ya kama da wuta a tsakiyar garin Lac-Mégantic na Kanada, mutum 47 suka mutu. Inshorar kamfanin dala miliyan 25 ce kacal, cikin 'yan makonni ya bayyana karyewa. Idan layin na majalisa ne, wa za a kama? Wannan tambayar a amsa ta a rubuce, da adadin inshorar da duk mai tafiyar da jirgi zai riƙe, kafin a biya ko sisi.

Shawarata kuma kada majalisa ta ce ita za ta tuƙa jirgi. Ma'aikatar da ke fama da kwashe shara ba ta da direba, ba ta da makanikin inji, ba ta da mai sigina. Ta riƙe ƙasa da gadoji, ta ba masu sana'ar hayar aikin ta hanyar gasa a fili, na wa'adi, da iyakar tallafin da ba za a wuce ba. Haka aka yi wa layin Kishigawa mai kilomita 14 a Japan a 2006: hukumomin yankin suka sayi filin, aka yi shela wani kamfani daga Okayama ya ci, aka ƙayyade tallafin shekara goma. (Masu tafiyar da layin ne suka naɗa wata kyanwa mai suna Tama shugabar tasha a 2007, 'yan yawon buɗe ido suka yi ta tururuwa. Kada dai ka sa kyanwa a kasafin kuɗinka.) Birnin Cincinnati a Amurka ya gina nasa layin har Chattanooga, ya kammala a 1880, ya ba da shi haya shekara guda bayan haka. Ya yi sama da shekara 140 yana karɓar kuɗin haya, har ya kai kusan dala miliyan 25 a shekara, kafin masu ƙuri'a su amince a 2023 a sayar wa kamfanin jirgin ƙasa na Norfolk Southern kan dala biliyan 1.6. Masu son saye suna ƙaunar wannan labari. Su tuna babbar hanyar kaya ce tsakanin arewa da kudu, ba reshen da ya ƙare a bayan wata masana'anta ba.

Layi ba ya sanin iyakar ƙaramar hukuma, don haka kusan kullum sai an yi tarayya da maƙwabta. A rubuta kason kowa tun ranar farko. Gundumomi uku ne suka sayi layin San Francisco zuwa San Jose a Kalifoniya a 1991 kan sama da dala miliyan 200, ɗaya daga cikinsu, San Mateo, ta biya wa sauran biyun kasonsu da niyyar za a mayar mata. Maganar wannan bashi da ta wa ke da ikon gudanarwa sai da ta kai kusan shekara talatin tana tashi. Layin ya yi albarka, a 2024 ya koma lantarki, amma an sha ɓacin rai da shafi biyu na yarjejeniya za su iya hanawa.

Akwai inda duk lissafin nan ke rusunawa. Garin Churchill a arewacin Kanada ba shi da titin mota da ya haɗa shi da sauran ƙasar. Da ambaliya ta yanke layinsa a watan Mayun 2017, kamfanin da ke da shi ya ƙi gyarawa, garin ya yi kusan shekara ɗaya da rabi komai sai ta jirgin sama ko na ruwa. A 2018 wata haɗaka da ta ƙunshi garuruwan yankin da al'ummomin asali ta saye shi, da kuɗin gwamnatin tarayya a bayanta. Idan halinku ke nan, tambayar ba ta riba ba ce. Amma ko a nan ka lura, ba su ɗauki kayan su kaɗai ba, sai da babbar gwamnati ta sa hannu a aljihu. Ka je can da rahotonka kafin ka saya. Bayan ka saya, ba wanda zai yi gaggawar amsa wayarka.

Mu a kwamitinmu mun yi kwana shida muna tafiya, muka yi wata huɗu muna jiran lauya da injiniyan gada. Muka ba da shawara a sayi filin, a cire kuɗin gyaran babbar gadar daga farashi, kada kuma a yi wa kowa alkawarin jirgi sai an sami wanda zai sa hannu kan kaya. Shugaban bai ji daɗi ba, domin ya riga ya hango kansa yana yanka kirtani a tasha. Ya ce, "Injiniya, to me zan gaya wa jama'a na saya musu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ka gaya musu hanya ka saya, jirgi kuma sai an ga kuɗinsa." Kamfanin ya ƙi rage kuɗin gadar duka, aka raba biyu. An saya. Gadar tana nan an sa mata shinge da allon gargaɗi, jirgi bai bi ta kanta ba har yau. A kasafin kowace shekara akwai wani ɗan layi na leburori huɗu da shebur, kuma dattijon nan ne ya zaga da su ya nuna musu bakin kowace kwalbati, har da guda bakwai da ba sa cikin takardar kamfani.